Shirin Shiga Jirgin Sama

Duk mun san halin motar kasuwa. Ran Alhamis in za mu Maigatari, sai mu je tasha mu zauna. Mota ba ta tashi sai ta cika, wanda ya makara kuwa akan ɗan jira shi. To, jirgin sama ba haka yake ba. Yana da lokacinsa, in ya yi sai a rufe ƙofa. Wanda ya makara ya rasa jirgi, wani lokaci har da kuɗin tikitinsa.

A da kakanninmu a ƙasa suke zuwa Makka, su yi shekaru a hanya. Yanzu mutanenmu suna tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, ko na Dutse wanda aka buɗe a 2014. Wasu aikin hajji za su, wasu neman ilmi ko magani a Masar ko Turai. Akwai abu biyu da ya kamata kowannensu ya sani kafin ya bar gida.

Na farko shi ne lokaci. Mai fita ƙasar waje ya isa fili awa uku kafin jirgi ya tashi, domin akwai aiki da yawa. Za a auna kayansa, a duba fasfo da biza, sa'an nan a bincike shi da jakarsa. Kowane wuri sai an bi layi. Galibi kuma ana daina karɓar kaya saura awa ɗaya jirgi ya tashi.

Mu lura da yadda ake rubuta lokaci a tikiti. Ba a cewa safe ko yamma, ana ƙirga awa 24 ne a jere. In mun ga 14:00, sai mu ɗebe 12, saura 2, watau ƙarfe biyu na rana. Mai wannan tikiti ya kasance a fili da ƙarfe 11 na safe. Daga Gumel zuwa Kano tafiyar wajen awa biyu ce a mota. Mutumin ƙauyen Gagarawa ko Sule Tankarkar kuwa sai ya fara fitowa bakin titi tukuna, ga shi mota tana iya lalacewa. Saboda haka ya tashi da asuba, ko ma ya kwana a Kano. Maniyyaci kuma ya je sansanin alhazai ranar da aka kira shi.

Na biyu shi ne abu mai ruwa-ruwa. Matafiyi yana da kaya iri biyu: babbar jaka wadda ake sa wa a cikin cikin jirgi, da ƙaramar jaka wadda yake riƙewa a hannu. A jakar hannu ba a yarda da kwalbar da ta wuce mililita 100 ba. Wannan kashi ɗaya ne cikin biyar na ledar ruwan da muke saye a kasuwa. Girman kwalba ake dubawa, ko da abin da ke ciki ɗan kaɗan ne. Ƙananan kwalabe kuma a tara su a farar leda guda mai cin lita ɗaya. Dokar ta haɗa da turare, da zuma, da man gyaɗa, da man shafawa. Maganin mara lafiya da madarar jariri an yarda da su, amma sai a nuna wa ma'aikata.

Me ya kawo wannan doka? A watan Agusta 2006 'yan sandan Ingila suka kama waɗansu mutane da suka shirya shiga jirage masu zuwa Amurka da Kanada da ruwa mai fashewa, a ɓoye cikin kwalaben lemo. Daga nan ƙasashen duniya suka kafa ta don tsare rayukan matafiya. A 2025 waɗansu filayen Turai sun sassauta, domin sun sami sabuwar na'urar bincike, amma ba duka ba. Gara mu bi tsohuwar ƙa'ida.

Babbar kwalba sai a ɗaure bakinta sosai a sa a babbar jaka. Amma mai zuwa ƙasashen Tarayyar Turai kada ya ɗauki kilishi ko man shanu ko kaɗan, domin an hana matafiyi shiga da nama da kayan nono. Alhaji kuma kada ya cusa ruwan Zamzam a kayansa. Hukumar alhazai ce ke kawo shi, ta ba kowa lita 5 bayan an dawo.

In ɗan'uwanmu zai yi tafiya, mu zauna da shi tun ana gobe, mu karanta tikitinsa tare, mu duba jakarsa. Abin da ya shige mana duhu mu tambayi ma'aikata. Matambayi ba ya ɓata.