Dangantakar Ciwon Damuwa da Hawan Jini a Tsakanin Ƙabilu

Gabatarwa

Idan aka ce wane ya kamu da hawan jini, abin da Bahaushe kan fara cewa shi ne, "Ai tunani ne ya yi masa yawa." Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta ƙare zance ba. Manufar wannan maƙala ita ce a duba abin da masana suka gano game da dangantakar cututtukan biyu, da dalilin da ya sa ba ta fitowa iri ɗaya a kowace al'umma.

Ma'anar Cututtukan

Hawan jini shi ne awon jinin mutum ya zauna a kan 140 bisa 90 ko sama da haka. Ciwon damuwa kuwa ya wuce ɓacin rai na yini guda. Baƙin ciki ne da yanke ƙauna da kan zaunar da mutum mako biyu ko fiye, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barci da cin abinci su rikice.

Yadda Ɗaya Kan Jawo Ɗaya

Hanyoyin biyu ne. Ta farko ta cikin jiki ce. Idan hankali ya tashi, jiki kan saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke. Wannan yana da amfani ga wanda zai guje wa haɗari, amma idan ya zama na kullum sai jijiyoyi su jigata. Ta biyu ta ɗabi'a ce. Mai ciwon damuwa yakan rage motsa jiki, ya rasa barci, wani ya faɗa shan taba ko giya, wanda aka ɗora a kan magani kuma ya yi sakaci da shi.

A shekarar 2012 wasu masana sun haɗa sakamakon bincike tara, suka ga haɗarin kamuwa da hawan jini ga masu ciwon damuwa ya ɗara na sauran mutane da kimanin kashi 42 cikin ɗari. Duk da haka, wani babban bincike a ƙasar Norway ya sami akasin haka, watau awon jinin masu damuwa ya ɗan yi ƙasa. Ashe ke nan sai an tambaya: a cikin waɗanne mutane, kuma a wane hali?

Bambancin Ƙabilu

A Amurka an fara wani bincike mai suna CARDIA a 1985, inda aka riƙa bibiyar matasa baƙar fata da farar fata a birane huɗu. Rahoton da ya fito a 2000 ya nuna alamun damuwa suna share fagen hawan jini tun da ƙuruciya, kuma abin ya fi bayyana ga baƙar fata.

A birnin Amsterdam na ƙasar Holan kuma, binciken HELIUS ya auna mutane sama da 20,000 tsakanin 2011 da 2015. A cikinsu akwai 'yan asalin ƙasar, da Turkawa, da 'yan Maroko, da 'yan Ghana, da 'yan Surinam masu asalin Afirka da masu asalin Indiya. Alamun damuwa sun fi yawa ga Turkawa da 'yan Maroko, hawan jini kuwa ya fi kama 'yan Ghana da 'yan Surinam masu asalin Afirka. Da a ce damuwa ce kaɗai ke kawo hawan jini, da cututtukan biyu sun taru a wuri ɗaya.

To, ko jinin ƙabila ne sanadi? Binciken da Richard Cooper da abokan aikinsa suka buga a 1997 ya raunana wannan zato. Sun auna mutane masu asali ɗaya, suka sami hawan jini ga kashi 16 cikin ɗari a Afirka ta Yamma, kashi 26 a tsibiran Karebiya, kashi 33 a Amurka. Tsatso ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne ƙiba da yawan cin gishiri da yanayin zama. Ga baƙar fatar Amurka da baƙin haure a Turai akwai kuma talauci da wariya da kewar gida, waɗanda kan ci zuciya su ci jiki tare.

Matsalar Harshe

Nan ne batun ya shafi ɗalibin Hausa. Hawan jini da na'ura ake auna shi, ciwon damuwa kuwa da magana. Tambayoyin da likitoci suka fi amfani da su da Turanci aka fara tsara su, alhali kowace al'umma da yadda take faɗin ciwonta. Mutanen Shona na Zimbabwe kan ce "kufungisisa", watau yawan tunani. Bahaushe kan ce gabansa na faɗuwa, ko jikinsa ya mutu, ko duniya ta ishe shi. Wani ma kunya kan hana shi faɗin komai sai ciwon kai, don gudun a ce ya kasa haƙuri da ƙaddara. Idan likita bai fahimci waɗannan kalamai ba, sai ya ba da maganin hawan jini ya sallami mutum da rabin cutarsa.

Kammalawa

Mun ga cewa dangantakar tana nan, amma ƙarfinta ya danganta da irin rayuwar da al'umma ke ciki. Saboda haka ya kamata mai hawan jini ya faɗa wa likita halin da zuciyarsa ke ciki, mai damuwa kuma ya riƙa auna jininsa. Mu kuwa masu nazarin Hausa, aikinmu ne mu tattara kalmomi da salon maganar da mutanenmu ke bayyana damuwa da su, mu tantance ma'anoninsu, domin likita ya ji abin da majinyaci yake nufi.