Rumfa da Itacen da Ake Kafa Ta

Da wuya a shiga gidan manomi a ƙasar Hausa a rasa rumfa, ko a tsakar gida, ko a turken dabbobi. Abin lura shi ne ba a cika saro itace musamman dominta ba. Galibi da ragowa ake yin ta: guntayen azara da suka saura bayan rufin soro, da rassan da aka sassabe a gona, da gungumen da masassaƙi ya raina. Amma ragowar nan ba a haɗa ta da ka. Kowane itace da matsayinsa, kuma kowane matsayi da sunansa.

Na farko ita ce dirka, watau itace mai baki biyu wanda ake kafawa a ƙasa ya ɗauki nauyin rumfar. A nan ne gwanintar mai aiki take bayyana, domin dirka ce kaɗai take shiga ƙasa, inda gara da laima suke jiranta. Saboda haka ake ware mata itace mai ƙwari. Ƙirya ce kan gaba, don gara ba ta cika yi mata komai ba; ita ce dai maƙera suke so don gawayi, masassaƙa kuma don turmi. Wannan farin jini shi ya sa ta yi ƙaranci a wurare da dama, har mutane suka koma ga darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, ko maina, ko bedi. Ita baƙuwa ce daga wajen Indiya, a zamanin mulkin Turawa ta shigo, amma ta zama 'yar gida. Kuka da rimi kuwa, kome kaurinsu, ba su yin dirka, don naman itacensu taushi gare shi.

Kafin a kafa, sai a ɓare ɓawon da gizago, domin ƙarƙashinsa ƙwari suke ɓuya. Sa'an nan a babbake gindin a wuta har ya yi baƙi. Wasu yanzu baƙin mai suke shafawa. A haƙa rami da dagi kamar zurfin kamu ɗaya, a tsai da dirkar, a riƙa zuba ƙasa kaɗan-kaɗan ana kirɓawa. Wanda ya zuba ƙasar gaba ɗaya ya tattake da ƙafa, iskar farkon damina za ta nuna masa aikinsa.

A bakin dirkoki ake ɗora itatuwan gicciye. Nan guntayen azara suke da rana. Azara daga giginya ake tsaga ta, an kuma fi son ta namiji. A rufin soro magina ba su yarda tazararta ta wuce kamar ƙafa 6 ba tare da tallafi ba, saboda nauyin ƙasa. Rumfa ba ta ɗaukar ƙasa, don haka ana iya ɗan ƙarawa. Daga nan sai a jera siraran sanduna, a ɗaure da igiyar rama ko ta kaba, a shimfiɗa kara ko zana.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka inuwa kaɗai ake nema. Saman rumfa ma'aji ne. Da kaka a nan ake jibge harawa da karmami, inda bakin awaki ba ya kaiwa, a riƙa sauko da su kaɗan-kaɗan har ƙarshen rani. Daga nan aka samo kirarin nan, rumfa sha shirgi, wanda ake yi wa mutumin da kowa ke ɗora wa lalurarsa. Dirka ɗaya in ta ruɓe, shirgin nan duka kan dabbobin da ke ƙasa zai zube, ko kan yaran da ke wasa. Shi ya sa magidanta sukan bi dirkoki ɗaya bayan ɗaya kafin a ɗora harawar bana, suna girgizawa, suna tona gindin da wuƙa. Wadda aka tarar gara ta ci, sai a tokare rumfar da wani itace, a zare ta, a kai wa mata su hura wuta.