ZUGA-ZUGIN INJI: DAGA MOTOCIN TSERE NA DA ZUWA GAREJIN KAFANCHAN

Duk direban da ya taɓa ɗauko lodin citta daga Kafanchan ko Kwoi ko Kachia, ko kuwa ya nufi Jos da kaya ta Hawan Kibo, ya san wani siririn fito da injin tirela yake yi in an taka totur a kan tudu. Direbobi suna kiran abin da ke wannan fito tobo. Yau za mu yi wa masu karatu bayanin wansa, wato sufacaja, wanda aka fara sa wa motocin tsere na Turawa fiye da shekara ɗari da suka wuce, da yadda masu irin waɗannan tsofaffin motoci suke gyaransa. Akwai darasi a ciki ga 'yan'uwanmu da ke harkar mota a nan Ikko da Badun da Fatakwal.

MENE NE SHI?

Inji ba ya cin mai sai da iska, kamar yadda gawayin maƙera ba ya ja sai an zuga. Mutanen kudancin Kaduna ba baƙin wannan ilmi ba ne, domin ƙauyen Nok da ke ƙasar Jaba shi ya ba da suna ga mutanen da suka iya narka tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce. To, sufacaja zuga-zugi ne na inji. Yana danna iska cikin injin fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa, sai a ƙara masa mai daidai da iskar, ƙarfinsa ya ƙaru ba tare da an ƙara masa girma ba.

Asalinsa ma daga maƙera ne. Wasu 'yan'uwa biyu a jihar Indiyana ta Amurka, Philander da Francis Roots, su suka yi rajistar wannan famfon iska a 1860, ana hura tanderun narka ƙarfe da shi. A 1921 kamfanin Mercedes ya nuna motoci masu ɗauke da shi a bajekolin Berlin. A irin nasu, sai direba ya taka totur har ƙasa sa'an nan famfon yake kamawa da wata ƙara mai tsuma jiki, kuma ba a son a daɗe ana aiki da shi a jere.

Wadda ta fi suna ita ce Bentley ta 1929 a Ingila. Wani matuƙin tsere, Tim Birkin, shi ya dage sai an sa wa motar famfon da injiniya Amherst Villiers ya tsara, aka ɗaura shi a gaban lagireto, karanshaf yana juya shi kai tsaye. Mai kamfanin, W. O. Bentley, bai so ba. Ƙarfin injin ya tashi daga doki 110 zuwa 175, na tsere kuwa har wajen 240. Amma fa motar ba ta taɓa cin babban tseren Le Mans na Faransa ba, saboda gudun da take da shi ya fi juriyarta. Duk da haka a 2012 an sayar da ɗaya daga cikin motocin Birkin a gwanjo a kan fam miliyan 5 na Ingila da 'yan kai.

INA RUWAN KAFANCHAN?

Ba a ganin irin waɗannan motoci a titin Kagoro. Amma famfon Roots ya daɗe da shigowa ƙasar nan ta layin dogo. Kafanchan jirgi ne ya raya ta, tun da aka buɗe reshen da ya tashi daga nan zuwa Jos a 1927, ta zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos. Da aka fara sauya jiragen kwal da na dizal a shekarun 1950, cikin kawunan jirgin da aka kawo akwai na kamfanin General Motors na Amurka, waɗanda injinsu ba ya ko tashi sai da wannan famfo. Haka nan injinan Detroit na janareto da manyan motoci. Saboda haka fitocin reluwe na wancan zamani sun san cikinsa, sun iya kwance shi su auna su mayar.

Da harkar jirgi ta ja baya daga shekarun 1980, kaya suka koma kan titi, sai tirela mai tobo ta gaji aikin. Bambancinsu kaɗan ne. Sufacaja injin ne yake juya shi da giya ko bel, tobo kuwa hayaƙin salansa ne yake kaɗa shi, dabarar da wani mutumin Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi wa rajista a 1905. Amfaninsu ya fi bayyana a kan tudu, domin iska tana yin sirara in an hau sama. Injin da ba shi da mai zuga shi yana rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300, ga shi kuwa Jos tana sama da mita 1,200.

YADDA AKE GYARANSA

A cikin famfon Roots akwai ƙarafa biyu masu kama da lamba takwas, suna juyawa suna saɓa wa juna cikin akwati. Asirinsa shi ne ba sa taɓa juna, ba sa kuma taɓa akwatin. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba, kuma wasu giyoyi biyu a ƙarshen sandunansu su ne suke tsare wannan tazara. In ta yi yawa iska ta zurare baya, famfon ya yi ta zafi ba ƙarfi. In ta yi kaɗan, da zarar ƙarfe ya ɗau zafi ya buɗe sai su goga, ɓarɓashin alminiyam ya bi iska ya shiga kan fistan.

Don haka mai gyaran tsohuwar mota ba ya fara da guduma. Kafin ya cire giya sai ya yi wa haƙoransu alama, domin in aka mayar da kuskuren haƙori ɗaya an gama da famfon. Sa'an nan ya zura siraran ma'aunin nan na ƙarfe da ake saitin bawul da su, ya auna ta kowace fuska, ya rubuta. Daga nan ya duba boris. Yawancin famfon da ya mutu boris ne ya kashe shi, saboda in ya ci, sanda takan yi lilo har ƙarafan su haɗu. Bayan boris sai oyilsil, wanda in ya saki, baƙin mai yakan bi iska, mota ta riƙa shuɗin hayaƙi. Akwai kuma wani bawul mai sifirin a kan bututun iska, wanda yake buɗewa in inji ya yi atishawa wuta ta dawo baya. In ya maƙale, akwatin ne zai tsage, akwatin shekara casa'in kuwa ba a samunsa a shago.

Wasu motocin, kamar MG K3 ta 1933, nasu famfon mai fukafukai ne da suke zamewa cikin ganga. Wannan yana bukatar a riƙa ɗiga masa mai kullum, in ya bushe fukafukan su cinye nan da nan.

Da kamfanin Bentley ya ƙudura sake ƙera irin motar Birkin guda 12 a 2019, kwance tsohuwar da ke hannunsu suka yi gaba ɗaya, suka auna kowane ƙarfe kafin su yi sabo. Wato ko a can, aikin awo ne da haƙuri.

ABIN DA YA SHAFI ALJIHUNKA

Maƙiyan famfon Bature su ne maƙiyan tobon Bahaushe: ƙura da rashin mai. Tobo yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya a kan siririn baƙin mai. Direban da ya hau tudu da lodi, ya tsaya cin abinci ya kashe inji nan take, ya yanke wa tobo mai alhali yana da zafi ƙwarai, sauran man da ke ciki ya ƙone ya zama gawayi. Minti uku ko biyar na barin inji a silo ya isa ya hana wannan. Haka kuma da safe, a bar mai ya zaga kafin a taka.

Lokacin hunturu kuwa, karen mota yakan cire filtar iska ya buga ta da taya, ko a huda ta wai don mota ta sami numfashi. Ƙurar da ta wuce nan ita take cinye bakin fankar tobo, daga nan ta wuce ta ci ringi. Kuɗin filta ɗaya ba ya kai kusa da na dan-inji.

Abu mafi haɗari shi ne in tobo ya saki mai da yawa cikin injin dizal. Injin yakan koma shan baƙin mansa, ya yi ta tashi, a kashe makulli ya ƙi mutuwa. Maganinsa a toshe masa iska da faffaɗan katako, ko a sa babbar giya a danne birki a saki kuloci. Kada a kuskura a sa tafin hannu ko tsumma, domin zai zuƙe su.

Abin takaici shi ne yau a garejinmu da yawa, daga Kafanchan har Agege, in tobo ya fara kuka sai a cire a jefar a nemo na gwanjo wanda ba a san ciwonsa ba, alhali sau da yawa boris da oyilsil ne kawai suka ci, muddin sanda da fanka ba su taɓu ba. Iyaye da ke da yara a wajen koyon kanikanci, su tambayi maigidan yaron ko yana koya masa awo, ko kuwa cirewa da ɗaurawa kaɗai. Tsofaffin fitocin reluwe da suka rage a Kafanchan suna ƙarewa da ɗai-ɗai, kuma ya kamata ƙungiyoyin kanikawa su neme su su zauna da matasa tun suna da sauran ƙarfi.

Allah Ya kai matafiya gida lafiya, Ya sa albarka a sana'a. Amin.