Ledar Rogo, Wadda Ƙasa Ke Iya Cinyewa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Karaye ko ta Rogo bayan an watse, ya san abin da ake bari a ƙasa: baƙar leda da ledar fiya-wata birjik. Iska ta kwashe su zuwa gonaki, ruwan damina ya tura su cikin kwatoci har su toshe. Akuya kuwa in ta haɗiye leda, sai ta dunƙule mata a tumbi, ta yi ta ramewa har ta mutu.

Me ya sa leda ba ta ruɓewa? Daga man fetur da iskar gas ake yin ta. Masana kimiyya suna kiran irinta polima, wato ƙananan ƙwayoyi da aka jera suka zama doguwar sarƙa, kamar 'ya'yan carbi a zare. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganye da bawon rake ba sa iya tsinka wannan sarƙa, shi ya sa leda ke shekara da shekaru a ƙasa. Saboda haka ne Ruwanda ta haramta ta a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017.

To amma sitacin rogo da na masara su ma polima ne, sai dai sarƙarsu ta sukari ce, abincin waɗannan ƙwayoyin halitta. A tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya, kamfanin Avani yana yin leda da sitacin rogo. A Amurka kuma ana tsima sukarin masara a samu robar PLA, wadda ake yin kofuna da cokula da ita. Ga shi kuwa babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman rogo a duniya.

Masu bincike kan zuba man kanumfari, ko wani sinadari mai suna kitosan da ake samu daga ɓawon jatan lande, a cikin irin wannan leda. Dukkansu suna hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, don haka abincin da aka naɗe yakan ƙara daɗewa bai lalace ba.

Sai dai akwai sauran aiki. Ledar sitaci ba ta jure ruwa, kuma ta fi ta fetur tsada. Ita kuma PLA ba ta ruɓewa da wuri sai a tarin taki mai zafin kusan digiri 60. Sannan rogon nan abinci ne; in masana'antu suka yi masa rubdugu, garin kwaki na iya tashi.

Ɗalibai, kuna iya gwadawa tare da malaminku na kimiyya. Ku dama babban cokali 1 na sitaci da 4 na ruwa, ku ƙara ƙaramin cokali 1 na binega da 1 na gilisarin. Ku ɗora a wuta kaɗan-kaɗan kuna juyawa har ya yi kauri kamar koko. Ku shimfiɗa a faranti ya bushe kwana 2 zuwa 3. Ku binne shi tare da guntuwar baƙar leda, bayan wata guda ku tono ku gwada.

Kafin ledar rogo ta iso kasuwanninmu kuwa, in an aike ku cefane, ku tafi da kwando.