Takardar Albashi a Bango: A Duba Shekararta

Yau za mu ja hankalinmu kan wata takarda da yawancinmu ke rainawa, alhali tana iya jawo mana asara.

Duk wanda ke da ma'aikata a Duwala, ko mai gadi ne a shagonsa na Sandaga, ko magatakarda a New Bell, ko yaran da ke kora shanu zuwa mayankar Bonendale, to dokar ƙwadago ta Kamaru, ta 14 ga Agusta 1992, ta hau kansa. Dokar ta ce a manna mafi ƙarancin albashi a wurin da ake biyan ma'aikata, kowa ya gani. Ta kuma hana maigida cin ma'aikaci tara, sannan sallama sai da takarda mai bayyana dalili.

Inda gizo ke saƙar shi ne, adadin ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 2008 sefa 28,216 ne a wata. A 2014 ya koma 36,270. A watan Maris 2023 gwamnati ta raba shi: 45,000 ga aikin gona da makamantansa, 60,000 ga sauran sana'o'i masu zaman kansu. Ashe wanda takardarsa ta 2014 ke bango har yanzu, da hannunsa ya manna shaidar da za ta kayar da shi ranar da yaronsa ya kai ƙara wurin sufeton ƙwadago.

Haka kuɗin fansho na CNPS. Tun 2016 maigida na zuba kashi 4.2 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci ma 4.2.

To, me za mu yi? Mu je ofishin sufeton mu tambayi rukunin da kowane yaro yake, domin makiyayi a ruga da mai gadi a gari ba lallai lissafinsu ya zo ɗaya ba. Mu rubuta kwanan wata a kan takardar, mu sa a karanta wa yaran da Hausa ko Fulatanci. Masu ma'aikata a ƙetaren iyaka kuma su tuna kowace ƙasa da tata doka: Najeriya ta kai nata naira 70,000 a 2024.

Mun san da yawa cikinmu da baki muke ɗaukar yara, bisa amana. Amana na da kyau, amma ran rigima takarda ake tambaya. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.