FASHIN BAƘI: Su wa ke horar da dawakin hawan Sallah a Zamfara, kuma me ke barazana ga sana'arsu?

Ranar hawan Sallah a Gusau, idon mai kallo kan tsaya ne a kan mahayi: naɗin rawaninsa, alkyabbarsa, da yadda ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Ba kasafai ake lura da mutumin da ke tafe a ƙasa dab da wuyan dokin ba, wanda tun asuba ya wanke shi, ya ɗaura masa sirdi, ya gwada majayi ko ya kamu. Alhali aikin wannan mutum ne ya sa dabbar da aka halitta da saurin firgita take tsayawa cik a tsakiyar tambura da algaita da ƙarar bindigar gargajiya.

Masu wannan aiki ba su da makaranta mai allo da aji, ba su da takardar shaida. Iliminsu yana cikin ƙwaƙwalwa da hannu, kuma yana wucewa ne daga babba zuwa yaro a cikin barga. Irin wannan ilimi yana rayuwa ne muddin ana aiki da shi kullum, kuma halin da Zamfara ta shiga ya taɓa kusan duk abin da aikin ya dogara a kai.

Ƙasar da ta girma a kan doki

Tsafe da Gusau da Bunguɗu suna jere ne a kan babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta nufi Sakkwato. Kowanne gari yana da sarkinsa: 'Yandoton Tsafe, Sarkin Katsinan Gusau, da Sarkin Fulanin Bunguɗu. A kusa da Tsafe ne tsohon garin malamai na 'Yandoto yake, wanda rundunar Muhammadu Bello ta ci a farkon jihadi, kuma a wancan zamani ne Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau. Lokacin, ƙarfin sarki ana auna shi ne da yawan dawakin da zai iya fitarwa fagen fama. Sunayen sarautu irin su Madawaki, Ubandawaki, Sarkin Dawaki, Shamaki da Sarkin Zagi, waɗanda ake ji a fadojin ƙasar Hausa har yau, duk daga hidimar doki suka samo asali.

Bindigogin Turawa sun kawo ƙarshen yaƙin doki lokacin da Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903. Jirgin ƙasa da ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, sannan mota, suka karɓe aikin sufuri. Abin da ya rage wa doki shi ne fada da biki. Turawan mulkin mallaka sun ɗauki tsohon hawan nuna biyayya ga sarki suka laƙaba masa sunan daba, kalmar da suka zo da ita daga Indiya, suka riƙa shirya shi don manyan baƙi, kamar wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Aikin doki ya sauya, amma dabarun horar da shi na zamanin yaƙi ne: jafin da ake yi a ƙofar fada, inda mahaya ke sukuwa su yi zamiya a gaban sarki, kwaikwayon farmaki ne.

Yadda ake mayar da duƙushi dokin hawa

Mai horo yana farawa ne daga sanin halin dabbar. Doki abin farauta ne ga namun daji, don haka maganinsa na farko ga duk abin da bai gane ba shi ne gudu. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan duk kewayensa, amma ba ya ganin abin da ke dab da goshinsa ko daidai bayansa. Wannan ne ya sa darasin farko ga sabon ɗan barga shi ne kada ya taɓa zuwa wa doki ta baya shiru. Wanda ya manta, harbi zai tuna masa.

Duƙushin da aka kawo daga ƙauye sai ya fara sabawa da ragama, da tsayuwa a turke, da dabaibayi, da hannun mutum a jikinsa har zuwa kofato. Daga nan a ɗora masa jalala shi kaɗai, sai sirdi, a riƙa ɗaure majayi a hankali, sannan linzami. Galibi yaro marar nauyi ake fara ɗorawa, wani yana riƙe da ragama yana ja. Hikimar a nan ta dace da abin da likitocin dabbobi suka sani: ƙasusuwan bayan doki ba sa gama ƙwari sai ya kai shekara 5 zuwa 6, lokacin da haƙoransa na girma suka cika. Wanda ya ɗora wa ɗan shekara 2 ƙaton mutum da kayan ado masu nauyi ya rage masa shekarun aiki, alhali doki mai samun kulawa yana iya kai shekara 25 ko fiye.

Ginshiƙin horon gaba ɗaya abu ne mai sauƙin faɗi, mai wuyar yi. Ana matsa wa doki da linzami ko ƙafa, da zarar ya yi abin da ake so sai a saki. Sakin ne yake koya masa, domin daga nan yake gane abin da ya kawo masa sauƙi. Gwani yana saki a daidai lokacin. Ɗan koyo yana makara, ko ya ci gaba da ja, sai dokin ya rikice ya fara turjiya. Yawancin dawakin da ake cewa masu taurin kai ne, hannun da ya fara riƙe su ne ya lalata su.

Bayan tafiya da sassarfa da sukuwa, sai a shiga abin da ya bambanta dokin sarauta da saura: taƙama, rawa bisa kiɗa, miƙewa da ƙafafun gaba, da zamiya. Sai kuma babban gwaji, wato hayaniya. Ana kusantar da shi ga kiɗa kaɗan-kaɗan, a fitar da shi cikin jama'a tare da tsohon doki mai natsuwa, har ya daina ɗaukar ƙarar bindiga a matsayin mutuwa. Ƙarin wahalar ita ce dawakin hawa galibinsu maza ne da ba a dandaƙe ba, masu son faɗa da juna, kuma ranar Sallah kafaɗa da kafaɗa ake jera su.

Akwai abin da ya kamata a faɗa ba tare da kara ba. Linzamin gargajiya mai zobe yana da tsanani ƙwarai, an ƙera shi ne don tsayar da doki nan take a fagen yaƙi. A hannun gwani taɓawa kawai ake yi. A hannun marar sani yana yanka harshe da dasashi. Haka ƙaimi da gefen likkafa. Jinin da akan gani a bakin doki ko a haƙarƙarinsa bayan hawa shaida ce ta mahayin da bai ƙware ba, ko da 'yan kallo sun yi masa tafi.

Barga ita ce makarantar mahayi

Yaron da zai zama mahayi ba da hawa yake farawa ba. Yana farawa da kwashe kashi, yankan ciyawa, ɗebo ruwa, da haɗa dusa da kanwa. A nan yake koyon cewa cikin doki ƙarami ne idan aka kwatanta da jikinsa, kuma ba ya iya amai, don haka cika masa gero lokaci guda ko ba shi hatsi mai ruma yana iya jawo ciwon cikin da ke kashe shi cikin kwana ɗaya. Yana koyon gane doki da launinsa, ko akawal ne ko kili ko bidi ko danda, da gane shekarunsa ta haƙori, da gane ɗingishi tun kafin ya bayyana sosai.

Hawa yana zuwa ne ta hanyar kilisa, wato fitar da doki da safe ko da yamma don ya motsa jini. A kilisa ne yaro ke koyon zama, ya daina riƙe kansa da linzami, ya san cewa cinya da nauyin jiki suna magana da doki fiye da bulala. Ɗan sarki da ɗan talaka a hannun mutum ɗaya suke koyo, sai dai ɗaya zai hau ranar Sallah, ɗayan ya riƙe masa. Sana'ar ta ginu ne a kan ubangida da bara: abinci, tufafi, kyautar Sallah, da abin da ya samu. Babu kwantiragi, babu fansho, kuma wanda doki ya karya sai dai ya dogara da tausayin mai dokin.

Inda matsalar tsaro ta shigo

Ana iya ɗaure doki a cikin gari, amma rayuwarsa daga karkara take zuwa. Goɗiyoyi masu haihuwa a ƙauyuka suke, kuma goɗiya wata 11 take ɗaukar ciki. Harawa da gero da dawa daga gona suke fitowa. Kilisa mai amfani tana buƙatar fili da hanyar bayan gari. A ƙananan hukumomin Tsafe da Bunguɗu, inda 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, suka hana noma ko suka ɗora wa manoma haraji, kowanne daga cikin waɗannan ya raunana. Dokin da ya wuni a turke kwana da kwanaki yana yin zafin kai, ƙafafunsa su kumbura, kuma yaron da ya kamata ya koyi hawa a kansa ya rasa darasi.

A watan Satumba na 2021, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. An yi haka ne don toshe wa 'yan bindiga hanyar sayar da shanun sata, amma matakin bai ware mai neman harawa ba. A cikin watan ne kuma aka sace Sarkin Bunguɗu, Alhaji Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya shafe sama da wata guda a hannun masu garkuwa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, alhali yawancin dawakin da ake kira 'yan Arewa ta can suke shigowa kasuwanni irin su Maigatari. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 da tsadar hatsin da ta biyo baya sun sa mai doki yana raba buhun gero tsakanin barga da tukunyar gidansa.

Maƙwabta sun nuna yadda hawa ke tsayawa. Katsina ta soke bukukuwan hawan Sallah a 2019 saboda kashe-kashe. A Kano, 'yan sanda sun hana hawa a Babbar Sallah ta 2024 da kuma a 2025, a tsakiyar rikicin sarauta tsakanin Muhammadu Sanusi II da Aminu Ado Bayero. Ga jami'in tsaro, soke hawa lamari ne na kwana uku ko huɗu. Ga mai horo kuwa, shi ne dalilin da zai sa ubangidansa ya fara lissafin ko ciyar da dokin da ba a hawa yana da amfani. Idan aka sayar da dokin, ɗan barga ya koma acaba ko haƙar zinariya, kuma da wuya ya dawo. Ba a fafe gora ranar tafiya: dokin da zai yi jafi bana, an fara aikinsa shekaru da suka wuce.

Abin da hukuma ke kashe wa kuɗi

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan daba na Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Kafin nan ta sanya salon hawan doki na Faransa a 2011, da na makarantar dawaki ta Biyana a Ostiriya a 2015, da wasan dawaki da bindiga na Maroko a 2021. A Faransa da Ostiriya akwai makarantu na dindindin da malaman hawa masu albashi, waɗanda aikinsu shi ne su koyar da na baya. A cikin Najeriya ma, wasan folo da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo suka raya ya samar da kulob-kulob a Katsina da Kaduna da Kano da Zariya, inda mai kula da doki ke iya mayar da ƙwarewarsa abin neman kuɗi, har ya zama ɗan wasa.

A Zamfara, kulawar gwamnati ga masarautu ta fi bayyana ta wata fuskar. A watan Afrilu na 2022 gwamnatin jihar ta raba wa sarakuna da hakimai motoci 260. Ana ci gaba da naɗa 'yan siyasa da 'yan kasuwa sarautu, kuma kowane sabon naɗi yana buƙatar doki horarre da wanda zai riƙe shi, domin da yawa daga masu sabon rawani ba su taɓa hawa ba sai ranar.

Abubuwan da za su riƙe sana'ar ba masu tsada ba ne idan aka kwatanta da wancan: fili mai tsaro a cikin gari don kilisa, wanda zai kuma raba matasa mahaya da titunan da suke sukuwa a kai suna ture mutane, likitan dabbobi mai zagaya barga da rigakafi, ɗan albashi ga tsofaffin gwanaye bisa sharaɗin su koyar, da naɗar bayanansu a rubuce da bidiyo. Jihar tana da Kwalejin Noma da Kiwon Dabbobi a Bakura da Jami'ar Tarayya a Gusau, masarautu kuma suna karɓar kaso daga kuɗin ƙananan hukumomi. Majalisar dokokin jihar tana da ikon tambayar nawa ne daga cikin wannan kaso yake isa barga.