Yadda Garuruwa Biyu Na Arewacin Turai Suka Mai Da Kan Iyaka Kasuwa

CAN ƙuryar arewacin Turai, inda Kogin Torne yake zuba cikin teku, akwai waɗansu garuruwa biyu da suke manne da juna, har baƙo ba ya iya cewa ga inda wannan ya ƙare wancan ya soma. Na yamma shi ne Haparanda, a ƙasar Suwidin, wanda mutanensa duk da na ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa ba su cika 10,000 ba. Na gabas kuwa shi ne Tornio, a ƙasar Finlan, mai mutum kimanin 21,000. Daga Haparanda zuwa Stockholm, babban birnin Suwidin, tafiyar kilomita 1,000 ce da 'yar ɗoriya, watau kusan nisan Kano da Ikko. Daga Tornio zuwa Helsinki, babban birnin Finlan, ya haura kilomita 700.

Wuri ne mai wuyar zama. A watan Disamba rana ba ta yin fiye da kimanin awa uku a sama, teku kan daskare har sai an sa jirage na musamman su fasa ƙanƙara kafin jiragen kaya su sami hanya. A watan Yuni kuwa dare ba ya yin duhu sam. Samari da 'yan mata sun daɗe suna barin irin waɗannan wurare suna gangarawa kudu neman aiki, a bar tsofaffi da gidaje. Duk da haka, a yau mutane kan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita daga ƙasashe maƙwabta su zo wannan lungu don sayayya. Yadda aka yi haka ta faru labari ne mai tsawo, kuma ba daga manyan birane aka faro shi ba.

Gari ɗaya aka tsaga

Asali duk ƙasa ɗaya ce. An kafa Tornio a 1621 lokacin da Finlan take ƙarƙashin sarautar Suwidin, ya kuwa zama babbar kasuwar arewa, inda ake kawo fatu da kifi daga cikin daji a sai da wa fatake. A 1809 Suwidin ta sha kashi a hannun Rasha, aka yi sulhu, aka miƙa wa Rasha Finlan, aka ce kogin shi ne iyaka. Tsohon garin Tornio yana kan wani tsibiri ne da ya fi kusa da gaɓar yamma, amma duk da haka aka sa shi cikin rabon Rasha. Wannan shi ya sa har yau iyakar da ke tsakiyar garuruwan biyu a kan tudu take, ana iya taka ta da ƙafa. Da Suwidin ta ga ta rasa kasuwarta, sai ta raya wani ɗan ƙauye da ke daura da ita, shi ne Haparanda, ya sami matsayin birni a 1842.

Mutanen da ke gaɓa biyu na kogin harshensu ɗaya, danginsu ɗaya, suna auratayya. Wanda ya san Jibiya da Maraɗi ba ya bukatar dogon bayani a kan yadda irin wannan rabuwa take. Daga ƙarshen ƙarni na 19 hukumomin Suwidin suka matsa wa mutanen gaɓarsu lamba su bar harshen iyayensu, har aka riƙa hana yara magana da shi a makaranta. Sai a shekara ta 2000 aka amince da harshen, wanda suke kira Meänkieli, ma'ana "harshenmu", a matsayin ɗaya daga cikin harsunan ƙasa na 'yan tsiraru.

Ciniki dai bai taɓa tsayawa ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya nan ce ƙofar da ta rage a buɗe tsakanin Rasha da yammacin Turai, ta nan wasiƙu da kaya da dubban fursunonin yaƙi masu rauni suka bi, ta nan kuma Lenin ya ƙetara a watan Afrilu na 1917 zai koma gida. Bayan Yaƙi na Biyu, da kaya suka yi ƙaranci a Finlan, fasa-ƙwaurin kofi da sauran kayan masarufi ya zama sana'ar gidaje da yawa, kuma jama'ar wurin ba su ɗauke shi abin kunya ba. A shekarun 1950 ƙasashen arewacin Turai suka soke neman fasfo a tsakaninsu, shige da fice ya zama ba wahala.

Daga ruwan kwata aka fara

Abin lura a nan shi ne, haɗin kan garuruwan bai fara da manyan jawabai ko bikin sa hannu ba. Ya fara ne da ƙananan bukatu waɗanda ba mai son ya yi magana a kansu a gaban baƙi. Kowane gari shi kaɗai ya yi ƙanƙanta da ya gina wa kansa komai, harajin da yake tarawa ba zai isa ba. Saboda haka a shekarun 1970 majalisun garuruwan biyu suka shirya su yi matatar ruwan kwata guda ɗaya, su riƙa zubar da shara wuri ɗaya, suka kuma yarda yaro ya ƙetare iyaka ya shiga makarantar ɗaya ɓangaren in iyayensa sun so. Wanda ya iya raba kuɗin gyaran bututun ƙazanta da maƙwabcinsa shekara da shekaru ba tare da an yi rigima ba, to, an sami amanar da za a ɗora wani abu a kanta.

A 1987 suka kafa wata hukumar haɗin gwiwa da suka sa wa suna Provincia Bothniensis, wadda wakilan majalisun biyu suke zama a cikinta. Hukumar ba ta da ikon yin doka, abin da ta tsayar sai kowace majalisa ta koma gida ta amince da shi bisa dokar ƙasarta. Shekara biyu bayan haka, a 1989, aka buɗe makarantar harsuna a Haparanda, inda yaran Suwidin da na Finlan suke karatu tare, kowa yana koyon harshen ɗan'uwansa. Wannan makaranta ta fi yadda ake zato muhimmanci ga kasuwanci, domin harshen Suwidin da na Finlan ba su da dangantaka ko kaɗan, kuma mai kanti da yake jin duka biyun ya riga ya sami masu ciniki ninki biyu.

Har filin wasan golf suka yi na tarayya, wani sashe a nan, wani sashe a can. Da yake agogon Finlan yana gaban na Suwidin da awa ɗaya, akan yi raha cewa akwai ramin da in an buga ƙwallo sai ta yi awa guda kafin ta sauka. Daren sabuwar shekara ma sau biyu suke bikinsa, kuma masu masauki da gidajen abinci sun mai da wannan abin jawo baƙi.

Zuwan babban kanti

A 1995 ƙasashen biyu suka shiga Tarayyar Turai rana ɗaya, aikin kwastan a tsakaninsu ya ragu ƙwarai. Sai shugabannin garuruwan suka kawo shawarar a cike filin da ke kan iyaka, wanda a da ba kowa a cikinsa sai ciyawa da ruwa, a gina tsakiyar gari guda ɗaya a kansa. Ba kowa ya yi na'am ba. A ƙuri'ar jin ra'ayi da aka yi a Haparanda a 2002 masu cewa a'a ne suka ɗan rinjaya, saboda tsoron kashe kuɗi da kuma tsoron kada babban maƙwabci ya haɗiye ƙaramin. Aka gyara shirin, aka ci gaba.

Sven-Erik Bucht, wanda ya karɓi shugabancin majalisar Haparanda a 2003, shi ne ya shawo kan Ingvar Kamprad, mai kamfanin IKEA na sai da kayan ɗaki, ya zo ya buɗe kanti a garin. Bisa lissafin da aka saba, gari mai mutum ƙasa da 10,000 bai isa a kai masa irin wannan kanti ba. Hujjar da aka kafa ita ce, kada a ƙirga mutanen gari, a ɗauki taswira a share iyakokin da ke cikinta, a ƙirga duk wanda zai iya zuwa da mota daga arewacin Suwidin da Finlan da Norwe da kuma Rasha. An buɗe kantin ranar 15 ga Nuwamba, 2006. Waɗansu manyan kantuna suka biyo baya, a 2008 aka buɗe wata babbar kasuwar zamani a ɓangaren Tornio dab da layin iyaka, a 2014 kuma aka buɗe tashar mota guda ɗaya ta garuruwan biyu. Bucht daga baya ya zama ministan harkokin karkara na Suwidin.

Sai dai a faɗi gaskiya, wannan ciniki yana da raunin da ba a cika ambata ba. Mafi yawan kantunan rassa ne na manyan kamfanoni, albashi yana zama a gari, riba kuwa tana tafiya inda masu su suke. Bugu da ƙari, wani sashe mai yawa na cinikin bambancin doka da na kuɗi ne yake ɗauke da shi. Finlan tana amfani da yuro, Suwidin kuwa ta ƙi shi a ƙuri'ar raba gardama ta 2003, ko da yake mafi yawan masu jefa ƙuri'a a Haparanda sun ce suna so. Idan kurona ta faɗi, kamar a 2023 da yuro ɗaya ya kusa kai kurona 12, sai mutanen Finlan su yi ta tururuwa zuwa yamma, masu kanti a Tornio su yi ta hamma. Haka kuma taba garin da ake cusawa a leɓe, wadda aka hana sai da ita a duk Tarayyar Turai in ban da Suwidin, ta daɗe tana jawo masu saye daga gabas. An kuma taɓa fara wani katafaren gini mai suna Barents Center a Haparanda, aikin ya tsaya tun bai yi nisa ba.

Ƙashin bayan Tornio dai har yanzu masana'antar ƙarfe ce ta kamfanin Outokumpu, wadda ta fara narka ma'adinin kurom a 1968, ta fara yin ƙarfen da ba ya tsatsa a 1976, tana samun ma'adinin daga mahaƙar da ke kusa da garin Kemi. Ma'aikatanta sun kai kimanin 2,000, ban da 'yan kwangila da masu motocin kaya da suke ci daga gare ta.

Masu ƙaramin jari

Ƙoƙarin da ake yi na tayar da 'yan kasuwa na gida ya fi tafiya a hankali. Tarayyar Turai tana da wani shiri mai suna Interreg da take taimakon yankunan kan iyaka da shi tun 1990. Kason da ya shafi wannan yanki daga 2021 zuwa 2027 ana kiransa Aurora, ofishinsa yana Luleå, ya haɗa arewacin Suwidin da Finlan da Norwe da ƙasar Samawa makiyaya. Sharaɗinsa shi ne, ba a ba da kuɗi sai masu nema sun fito daga ƙasa biyu aƙalla, kuma sai sun kawo nasu kason. Dabarar ita ce a tilasta wa kwaleji da majalisa da ƙungiyar 'yan kasuwa su nemi abokin aiki a ƙetare, ko da a da ba su san juna ba.

Akwai kuma wani ɗan ofishi a kan iyakar wanda aikinsa ba da shawara kyauta. Ana iya ganin abin kamar ba wani abu ba ne, amma kafinta ko mai gyaran wuta da yake zaune a Tornio ya sami aiki a Haparanda, tambayoyin da ke gabansa suna da yawa: wace ƙasa zai biya haraji, ina fanshonsa zai taru, wa zai biya in ya ji rauni, takardar shaidar sana'arsa za ta yi aiki a can ko sai ya sake wata. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su suke hana mai ƙaramin jari ƙetarawa, babban kamfani kuwa yana da lauyoyinsa.

Kimanin kilomita 15 arewa da garuruwan akwai Kukkola, inda kogin yake gudu da ƙarfi a kan duwatsu. Ƙauyen ma iyaka ta raba shi biyu. Tun kaka da kakanni masunta suke tsayawa a kan dandamalin katako suna kamun farin kifi da koma mai doguwar ƙota, da yamma a raba abin da aka samu bisa tsohuwar al'ada. Yanzu iyalai a gaɓa biyun sun buɗe masaukai da wuraren gasa kifi, baƙi suna zuwa kallo suna biya.

Ranar da aka kafa shinge

A watan Maris na 2020 annobar korona ta nuna wa mutanen wurin a hannun wa mabuɗin yake. Gwamnatin Finlan ta tsaurara shige da fice ranar 19 ga wata, aka kafa shingen ƙarfe a tsakiyar dandalin da aka gina musamman don a nuna ba iyaka, masu tsaron iyaka suka tsaya suna duba takardu. Ba majalisar Tornio ce ta yanke hukuncin ba, ba kuma ta Haparanda ba. Dangi suka riƙa gaisawa ta saman shinge, kantunan Haparanda suka rasa masu saye na gabas. An bar ma'aikata suna wucewa, musamman ma'aikatan jinya 'yan Finlan da asibitocin arewacin Suwidin suka dogara da su, amma sai da takarda. Da yake matakan da ƙasashen biyu suka ɗauka a kan cutar sun sha bamban, har zargin juna ya shiga tsakanin maƙwabta, abin da tsofaffin garin ba su saba gani ba. Daga baya an kwashe shingen.

Ba a gama farfaɗowa ba sai yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022. Tarayyar Turai ta dakatar da shirye-shiryen haɗin gwiwa da Rasha, a ƙarshen 2023 Finlan ta rufe iyakarta ta gabas, masu sayayya daga Rasha da aka sa cikin lissafin farko suka fita daga cikinsa. Finlan ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a watan Afrilu na 2023, Suwidin ta bi ta a watan Maris na 2024. Nan take wannan lungu ya sami wata sabuwar daraja a idon manyan biranen, domin mafi yawan kayan da Finlan take shigarwa da fitarwa ta teku suke bi, kuma in tekun ya toshe, hanyar dogo guda ɗaya ce ta haɗa ta da yamma, ita ce wadda ta bi ta gadar Tornio da Haparanda.

Gadar tun 1919 take. An dawo da jirgin fasinja zuwa Haparanda daga ɓangaren Suwidin a watan Afrilu na 2021, bayan kusan shekara 30 da dainawa. Amma faɗin layin dogon Suwidin milimita 1,435 ne, na Finlan kuwa 1,524, gadon zamanin mulkin Rasha. Saboda haka ƙarfe huɗu aka shimfiɗa a kan gadar maimakon biyu, kuma kayan da jirgi ya kawo daga ɓangare ɗaya sai an sauke su an sake lodawa a wani kafin su ci gaba da tafiya.